Motar da Aka Tura Har Bayan Gari

Shekarar da na bar hawan babur saboda ciwon baya, wani abokina bakanike a Bagudo ya ce ya ji labarin wata tsohuwar mota a wani ƙauye a ƙetaren iyaka, bayan Tsamiya, cikin ƙasar Benin. Ya ce tsohon yayi ce, amma an ce ba ta yi tafiya ba. Muka je ranar wata Laraba da hantsi.

Mai motar dattijo ne manomin shinkafa. Ya kai mu wata rumfa a gefen gida, ya yaye tabarmin da aka lulluɓe ta da su. Fara ce, fentinta bai ko dushe ba. Abokina ya leƙa mita, ya yi murmushi, ya ce min a kunne ai an saba mayar da mita baya. Sai ya durƙusa ya shafa robar birki da ta kuloci, ya murza sitiyari, ya danna kujerar direba da tafin hannu. Murmushin ya tafi.

"Gaskiya ce," ya ce. "Ba a hau ta sosai ba. Amma zama ma yana cin mota."

Ya nuna min tayoyi duk sun tsattsage, robobin inji sun bushe, ɓeraye sun ci wayoyi, man tanki ya zama kamar ruwan tsamiya. Ya lissafa abin da gyara zai ci, don in rage a ciniki. Ban samu damar ragewa ba. Kuɗin da dattijon ya faɗa bai kai abin da na yi niyyar tayawa ba, har abokina ya dube ni, ya sake zagaya motar yana neman aibin da ya ɓoye masa.

Ya haɗa wayoyin, ya sa batirin da muka zo da shi, ya zuba sabon mai, ya ce in tayar. Ta yi tari, ta kama.

A nan wata tsohuwa ta fito daga cikin gida da sauri, ba mayafi, da kwanon ruwa a hannu yana zuba. Ta tsaya a tagar direba tana haki. Ta yi min magana da Dandanci, harshen mutanen yankin, da irin muryar da uwa take yi wa ɗan da ya daɗe a hanya. Sannan ta dube ni sosai. Na ga lokacin da ta gane ba shi ba ne. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo min ruwan duk da haka, na karɓa na sha.

Bayan dattijon ya mayar da ita ciki, ya dawo ya zauna a kan turmi.

"Ɗanmu yas sayo ta Kwatano, shi yat tuƙo ta har nan. Bai yi mako ba ya shiga jirgin ruwa zuwa biki. Jirgin ya kife, ba a ga gawa ba. Kullum nan gindin mota uwatai take wuni, ɗana. Ina son idonta shi huta."

Na ce, "Baba, ko a bar mata ita?"

Ya girgiza kai. Abu ɗaya ya roƙa, kada mu sake tayar da ita a ƙofar gidan. Muka ƙara wa tayoyin iska, muka tura ta da hannu, ni da abokina da shi, har bayan gari.

Mota ce mai kirki. Da aka sauya tayoyi da robobi ba ta taɓa bari na a hanya ba. Amma na daɗe ban iya kunna ta a ƙofar gida ba sai na tuna da tsohuwar nan.

Bayan damina biyu, ranar kasuwar Bagudo, na fito daga shago na tarar da dattijon tsaye kusa da ita, hannunsa a kan bonet. Ya rame. Ya ce tsohuwar ta rasu da kaka. Na yi masa ta'aziyya. Sannan ya ce shi fa bai taɓa shiga cikinta tana tafiya ba.

Na buɗe masa gaba. Muka bi titi a hankali, ya ɗora hannuwansa a gwiwa kamar baƙo a ɗakin mutane. Da muka doshi wajen da ake hango kogi, ya ce, "Juya nan, ɗana." Na juya. Na sauke shi a tasha, ya sa min albarka, ya shige cikin masu jiran mota.