Madatsar da Ta Fi Ƙarfin Gayya

Madatsar ruwan da muka fara ginawa a rafin ƙauyenmu, kan hanyar Rijau, ba ta ga ƙarshen damina ɗaya ba. Ni ne shugaban aikin.

Ba rashi ne ya kayar da ita ba. Bayan yaƙin basasa ne, shekarar da dawa ta yi, gyaɗa ta yi, rumbuna sun cika maƙil. Ga dutse, ga majiya ƙarfi. Abu ɗaya muke nema, ruwan da zai kai mu ƙarshen rani.

Na ce a kira gayya, a tare rafin da ƙasa da dutse, shi ke nan. Sai ƙoshi ya kawo shawarwari. Fulanin rugar yamma suka ce a yi wa shanu mashaya daban. Masu lambu suka ce a ja musu magudana zuwa fadama. Wani tsohon soja ya kawo injin ban ruwa. Injin yana son ɗaki, ɗakin yana son siminti, simintin sai da mota, motar kuma ba ta shigowa sai an gyara hanya. Babu wanda ya faɗi shirme. Na yarda da duka.

A wurinmu, kowace unguwa da makaɗinta take zuwa gayya, kuma ba ta bin gangar wata. A gona ba matsala, don mai gona yana tsaye yana ganin kunyoyinsa daga farko har ƙarshe. A nan aikin ya wuce ganin ido. Ina can wurin gyaran hanya, unguwar masallaci da unguwar coci suna tseren ɗaga bango daga gaɓa biyu, kowa da tsayinsa. Masu magudana suka huda gindin bangon ba su gaya wa kowa ba, a ganinsu nasu aikin suke yi. Ruwan sama mai ƙarfi na farko ya bi ta hudar ya tafi da komai.

Da kaka ta yi, kawuna, wanda ya riƙe ni tun ina maraya, ya ce in bar maganar.

Na ce, "Kawu, a ba ni ganga ɗaya."

Ya ce, "Injin fa, sarkin taurin kai?"

Na ce, "Ya jira. Ba shi ke jin ƙishi ba."

Muka yi gajeren bango, wanda in na yi kira daga wannan gaɓa za a ji ni a waccan. Duk wanda ya zo da ƙari na ce masa sai baɗi. Wasu sun daina gaishe ni. Bangon ya tsaya. Shekarar babban fari rijiyoyin maƙwabta suka ƙafe, namu ruwan ya kai mu damina, har shanu suka sha. Injin kuwa ba a taɓa tayar da shi ba.

Yanzu ina Kontagora a gidan ɗana. Idona ɗaya ya tafi, ba na iya ɗaga garma, amma da ƙafata nake zuwa kasuwa.