Ƙafar Madubin Manaja

Sau uku aka sa maigidana ya yanke aikin da ya san ba shi da aibu, ya sake haɗa shi da wuta. Ni ba mai yawan magana ba ce, yarana ma sun sani, amma wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na ce bari in rubuta shi da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Muna zaune a Zawaciki, Malam yana walda a wani kamfanin bokiti da kwanuka a Challawa, ni kuma ina sayar da shinkafa da wake a gindin darbejiyar da ke bakin get ɗin kamfanin. Lokacin ana ta rage ma'aikata. Duk ranar Juma'a sai ka ga mutum biyu ko uku sun fito da takarda a hannu, ba su ko kalli tukunyata ba, sun hau keke sun tafi.

Ana cikin haka aka kawo sabon manaja, wani Bature dogo mai yawan murmushi. Cikin kayansa har da madubin hangen taurari. Malam ya ce mini kamar turmi yake, baƙi, da ɗan akwati mai lambobi a jikinsa wanda ake kira kwamfuta. Ba a juya shi da hannu. Lambar tauraro ake danna masa, sai ya yi ƙugi ya juya da kansa ya tsaya a kan tauraron. A gidan manajan a Bompai bishiyoyi sun tare sama, sai ya ce a kafa masa shi a kan rufin ofis, wanda yake na kankare ne. Aka kira Malam ya yi masa ƙafa ta ƙarfe.

Sharaɗi biyu aka ba shi. Kan ƙafar ya kwanta daidai, kada ya karkata ko kaɗan, kuma hancinta ya dubi arewa sak. Malam ya yi kwana biyu a kai. Ya aro ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya ɗora ta kowane gefe, ɗigon bai motsa ba. Arewa kuwa manajan ne da kansa ya ja masa layi da alli. Ranar da ya gama ya dawo gida yana ta tsokanar yara, ya ce yau ubansu ya yi wa taurari kujera.

Da aka ɗora madubin bayan magariba, aka danna masa lambar Zara, wadda take nan a yamma tana haske kowa yana ganinta. Ya yi ƙuginsa ya juya, ya wuce ta, ya tsaya yana kallon inda babu komai. Aka gwada wani tauraro, haka. Manajan bai duba littafinsa ba, bai duba akwatinsa ba. Ya dubi Malam, ya ce wa helma, wato shugaban leburori da ke yi musu tafinta, ƙafar ce a karkace.

Malam ya yanke ya sake. Madubi ya sake wuce Zara. Ya kuma yankewa. A karo na uku helma ya zo har gindin bishiyata yana cin wake yana ba mutane labari.

"Iya, mijinki fa ya tsufa. Shekara goma sha yana walda, teburi mai ƙafa uku ya gagare shi."

"Allah ya kyauta," na ce, na ƙara masa yaji.

Wani direba ya ce, "Kai helma, kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa a miƙe?"

Aka yi dariya, amma ni ban yi ba. A ranar aka gaya wa Malam cewa idan Juma'a ta zo madubi bai ga tauraro ba, sunansa yana cikin masu karɓar takarda. Yara biyar gare mu, babbar tana aji uku a sakandare.

Daren Laraba ya kasa cin tuwo. Na ce masa, "Malam, faɗa mini yadda ake yi tun daga farko, kamar ina wurin."

"Me za ki gane a ciki, uwargida?"

"Ba komai. Faɗa dai."

Ya ce manajan yakan ɗora ma'auni ya ga daidai. Ya duba layin arewa. Ya kunna akwati, ya danna kwanan wata. Sannan ya dubi agogon hannunsa ya danna lokaci, don wai sama juyawa take yi, idan na'urar ba ta san ƙarfe nawa ba, ba za ta san inda tauraro ya kai ba.

Na ce, "Wane lokacin yake danna mata? Na kamfani ko na rediyo?"

Ga yadda abin yake. Akwai babban agogo a jikin ɗakin akawun get. Tun kafin mu zo, akawun da wani tsohon manaja suka tura shi gaba da minti goma sha biyar, don a riƙa rufe get da wuri a kama makararru. Da yamma kuma ba da shi ake tashi ba, sai an busa jiniya. Kowa ya sani, har ba a maganarsa. Idan an yi alkawari sai a ce na kamfani ko na gari. Ni kuwa kullum ƙaramar rediyona tana gefen tukunya, kuma karanta agogo na cikin abin da aka fara koya mana a aji, don haka kowace safiya ina ganin bambancin da idona. Kuma na ga sabon manajan, a satin da ya zo daga ƙasarsu, ya tsayar da mota a bakin get ya saita agogon hannunsa da na bango.

Malam ya ce, "Ke kin san abin da kike faɗa? In je in ce wa Bature agogonsa ƙarya yake yi? Ta bakin wa? Helma ne zai juya maganar, shi da akawu kuwa tare suke cin abinci."

Wannan ne ya fi ba ni haushi a duk lamarin. Mutum wajen ɗari uku ke shiga get ɗin nan. Helma da kansa yana tsaye sau uku ana danna lokacin ƙarya, yana kallo. Ko bai gane ba, ko ya gane ya ga gara a kori mai walda da a taɓa agogo, Allah ne ya sani. Shi kuma Malam, da gaskiyarsa a hannu, tsoron faɗarta yake yi.

Na ce, "To kada ka ce komai. Ɗauki rediyona ka hau da ita. Ƙarfe bakwai za su faɗi lokaci kafin labarai, da Hausa da Turanci duk akwai tasha. Kai dai ka ƙara murya."

"In ya tambaye ni fa?"

"Ka ce matarka ce ta ba ka riƙo."

Ranar Alhamis ban tafi gida da la'asar ba kamar yadda na saba. Na aika wa maƙwabciyata ta duba mini yara, na wanke tukwane, na yi magariba a gindin bishiya, na zauna. Ofishin ba bene ba ne, daga inda nake ina hango su ukun a kan rufi: manaja, helma, da Malam a gefe ya rungume rediyo kamar jariri. Sauro ya dame ni. Akawun get ya leƙo ya ce, "Iya, yau kwana za ki yi?" Na ce maigida nake jira.

Sai na ji rediyon daga sama, an ƙure murya, ana faɗin ƙarfe bakwai da Turanci. Helma ya daka wa Malam tsawa ya kashe. Manajan ya ɗaga hannu ya hana. Na ga ya kai agogonsa kusa da fuska, ya daɗe a haka. Ya sunkuya kan akwatin ya yi danne-danne. Madubin ya yi ƙugi ya juya a hankali, ya tsaya. Manajan ya sa ido ya leƙa.

Dariya ya yi. Har bakin get na ji ta. Ya danna wata lamba, madubi ya juya, ya leƙa, ya sake yin dariya yana buga cinya. Mutumin da ya hana gidana barci sati biyu, ya sa aka yi wa mijina ba'a a gaban tukunyata, abin ya zame masa abin dariya. Daga baya direbansa ya gaya mini cewa da aka yi masa bayanin agogon get, cewa ya yi dabara ce mai kyau, a bar shi yadda yake. Nasa na hannu kawai ya gyara.

Malam ya sauko ya miƙo mini rediyo. Ya ɗaura tukwane a bayan keke, muka kama hanyar Zawaciki a ƙafa, yana tura keken. Sai da muka wuce kamfanin fata ya yi magana.

"Aiki yana nan."

"Alhamdu lillahi. Ya ba ka haƙuri?"

"Ya ce ƙafar ta yi kyau."

"Wacce? Ta farko ko ta huɗu?"

Muka ƙara tafiya. Sai ya ce manajan ya jawo hannunsa ya ce ya zo ya leƙa ya ga tauraron.

"Ka leƙa?"

"Na ce masa walda ta cinye mini ido, ba na ganin abin da ke nesa."

Malam kuwa a lokacin shi ke fara ganin jinjirin wata a unguwarmu. Washegari Juma'a ya tafi aiki da sassafe, mutum biyu suka fito da takarda, ba ya cikinsu. Ya yi shekara shida a kamfanin bayan haka, bai sake hawa rufin nan ba.