Tulun Irin Iya Hansai

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Iya Hansai makwancinta, a ƙarshen kaka, ruwan kogi yana ja da baya. Kakata ce ta wajen uwa. A da, idan ranar ta zagayo, addu'a nake mata in yi shiru. Bana kuwa shirun ya ƙi yiwuwa, domin na gano cewa abin da ta fi tattali a duniya ya mutu a hannuna, ina zaune ina tsammanin adana shi nake yi.

Iya ba ta taɓa zuwa Kano ba. Iyakar tafiyarta daga ɗan garinmu na bakin kogi zuwa kasuwar Haɗejiya, shi ma sai da dalili. Rayuwarta tsakanin turmi da murhu da fadama take. Idan na je hutu, tun daga zaure take fara tsokanata irin ta kaka da jika: "Maigida ya iso, hannu na dukan cinya kamar kullum. Ni dai ban yi dacen miji ba." Tana faɗa tana tura mini kwanon tuwon jar shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi. Har yau ban ƙara cin tuwo mai wannan ƙanshin ba, kuma na daina nema.

Shinkafar nan ita ce maganar. Iya tana kiranta Mai-wuya, saboda idan ruwan kogi ya malalo fadama, yana hawa tana hawa, kullum kanta a sama. Daga wajen uwarta ta gaje ta. Bayan girbi takan zauna ta tsince zangarniya mafi cika, ta sussuke da hannu, ta cakuɗa da toka da ganyen maina, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Ko tukunya za ta kwana a kife, ba a taɓa tulun nan. Duk yarinyar da za a kai ɗakin miji daga unguwarmu, Iya takan ƙulle mata ɗan irin a bakin zane, ta ce kada ta dafa, ta shuka.

Bayan rasuwarta, Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya ci gaba da yafa irin a gonarta har damina huɗu. Daga nan kacalla ta ci ƙarfinsa. Wanda bai san wannan ciyawa ba ya gode wa Allah. Ta fi mutum tsayi, tana toshe hanyar ruwa, ka sare ta yau ta fito gobe, kuma a cikinta tsuntsayen jan-baki suke kwana su wayi gari a kan hatsin mutane. Kawu ya gaji, ya koma tudu yana noman rani da injin ban ruwa kamar kowa. Ban ga laifinsa ba, yana da bakuna tara a gida.

A lokacin ne na ga tulun a kusurwar ɗakin Iya, bakinsa a liƙe da irin ƙarshe da Kawu ya zuba. Ba wanda ya ba ni, ni na ɗauka. Na rungumo shi a mota har Dutse, inda nake koyarwa, na ɗora shi a kan kanta a falo, ina nuna wa baƙi ina cewa gadon kakata ne. Shekara bakwai matata tana share masa ƙura.

Bana wani abokin aikina, malamin aikin gona, ya zo gaisuwa, na yi masa bayanin da na saba yi da alfahari. Ya dube ni kamar yana jin kunyar gaya mini, ya ce, "Malam, iri ai ba kayan ado ba ne. Ka jiƙa kaɗan ka gani." Na fasa lakar, na shimfiɗa ƙwaya cikin hannu ɗaya a jiƙaƙƙen tsumma, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana goma sha biyu ko tsiro ɗaya bai leƙo ba. Na sake, haka nan. Duk yaron da ya tashi a fadama ya san irin shinkafa ba ya jira, shuka shi ake yi a girbe a sake zubawa. Ni ma na sani a da. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Nakan tambayi kaina abin da Iya za ta ce da ta ga fadamar yau. Ina jin injin zai burge ta, domin ba ta ƙin abin da zai rage wa mace wahala. Amma gajeren irin nan na zamani da ke nuna a wata uku, wanda sai an ciyar da shi taki, kuma ambaliya tana zuwa ya nutse, na san dariyar da za ta yi masa. Mu kuma ba dariya muke yi ba. Shekara ta yi ruwa mu yi kuka, ta yi fari mu yi kuka, har kukan ya ishe mu.

Da hutu ya zo na shiga bin matan da ta ƙulle wa iri. Wasu sun rasu. Wasu sun dafa shi a shekarar da ruwa ya cinye gonaki, kuma wa zai ga laifin mai yunwa? Sai a tsallaken kogi na samu Goggo Lami, wadda Iya ta raka ɗakin miji tun ban san kaina ba. Yanzu ita ma da sanda take tafiya. 'Ya'yanta duk sun koma sabon iri, ita kaɗai take yafa Mai-wuya a wani ɗan kwari da bai fi faɗin tsakar gida ba, wai ba ta iya haɗiye farin tuwo.

Ta yi murna da ganina, ta yi wa Iya addu'a har da hawaye. Na gaya mata abin da ya faru ban ɓoye komai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tulun irinta da ƙoƙo, ta fara auna mini, sai ta tsaya.

"Ɗan nan, ina gonarka?"

Na ce gonar Iya tana nan, amma kacalla ta rufe ta.

"To a ina za ka zuba?"

Ta mayar da irin cikin tulunta a hankali, har ƙwayar da ta maƙale a ƙoƙon sai da ta kakkaɓe.

Na ji zafi, ba zan yi ƙarya ba. Amma a hanyar dawowa na auna abin da ya rage na Iya Hansai. Ɗakinta ya rushe, ba ta bar hoto ba, jikokinta sun watsu a birane. Abin da ya rage mai rai yana wani ɗan kwari, a hannun tsohuwar da gwiwoyinta suka gaji, kuma bayanta babu mai karɓa. Ni kuwa shekarata hamsin da uku, rabona da lauje tun ina saurayi, kuma na san abin da kacalla take yi wa waɗanda suka fi ni ƙarfi.

Da na yi mata sallama ta rako ni bakin zaure, ta ce, "Ka je ka sare ciyawar, ko wurin shimfiɗa tabarma biyu ne. Ka dawo kafin ruwa ya sauka, zan ba ka." Ta gyara riƙon sandarta. "In ka same ni."