Katin da na ajiye ban san abin da ke ciki ba

A lokacin ina matashi, ban daɗe da zuwa unguwar Zongo ta birnin Lome daga arewa ba. Ban iya karatu ba, ba na jin Faransanci, amma na san doki. Wani Alhaji mai shagunan atamfa ya ɗauke ni in riƙa hawa masa akawal ɗinsa, wato baƙin dokinsa, a tseren dogon zango, wanda ake tashi da sassafe a kai har la'asar. Mutumin nan bai taɓa sa ƙafa a likkafa ba. Abin da ya iya shi ne ya tsaya kusa da dokin da babbar riga a ɗauke shi hoto, 'yan korensa na yi masa kirari. Duk da haka ya fi kowa iya koyar da hawa. Dokarsa ita ce doki mai gumi ba ya shan ruwa, wai haka kakanninsa suka yi.

A irin wannan tsere akwai zangon da ake tsayawa, likitan dabbobi ya duba doki ya rubuta a kati kafin a wuce. A zango na biyu likitan ya tsunkuli fatar wuyan akawal, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya daɗe yana yi wa Alhaji magana da Faransanci, ya yi rubutu a katin, ya miƙo mini na sa a aljihu. Na tambayi Alhaji me aka ce. Ya amsa mini daga cikin motarsa cewa likita ya yaba, in hau kawai, kuma idan na bari dokin wani ɗan kasuwa na unguwar Tokoin ya riga mu, kada in dawo gidansa. Dokin ya miƙa wuya wajen bokiti, ni da hannuna na ja linzami. Ba mu kai zango na uku ba ya fara tangaɗi, ya durƙusa a jar ƙasa. Na kwance sirdi, na ɗebo ruwa a hulata daga wani kwatami, amma ya riga ya daina haɗiya. Da Alhaji ya iso, sirdinsa ya fara tambaya. Kafin magariba 'yan koren sun baza a Zongo cewa ni na kashe doki da garaje.

Na bar hawa, na koma sayar da gwanjo a kasuwar Hédzranawoé, katin yana ƙasan akwatina. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin manya, muna koyon Hausa da Faransanci bayan la'asar. Wata rana na ɗauko katin, na bi shi da yatsa har na gama. Likita ya rubuta a ba dokin ruwa, a huta, a dawo da shi ya sake dubawa. Na sami Alhaji a ƙofar masallaci na gaya masa na karanta. Ya dube ni ya tambaya wane doki ne a ciki.

Raina shi da nake yi bai wanke ni ba. Na ga fatar nan, na san ƙishirwa, amma na bi mai riga na bar abin da na sani. Duk mai hawa wa wani doki, kada ya yarda a karanta masa abin da ya shafi ran dabbar da ke ƙarƙashinsa. In kuwa doki ya miƙa wuya wajen ruwa, ka sake masa linzami.