Zoben da Ya Yi Baƙi

Shekara ashirin da bakwai Torfi Eyvindsson ya yi yana kai baƙi wankan ruwan zafi, kuma rabin wannan aikin jira ne. Yakan ɗauko su daga otal a Reykjavík, babban birnin ƙasarmu, cikin baƙar motarsa mai kujera shida, iyali guda ko ango da amarya ko wasu tsofaffi biyu da suka zo hutu, ya kai su bakin ƙofar wurin wankan, sannan ya koma mota ya buɗe filas ɗin kofi da gurasarsa mai kyafaffen naman rago. Kafin ya kama tuƙi ya yi shekara goma sha ɗaya a jirgin kamun kifi, har bayansa ya ce masa ya isa haka. A teku ya koyi zama shiru, a mota kuma ya koyi surutu, don baƙo ba ya son direban da ya ɗinke baki.

Yana da huɗuba guda da yake yi wa kowa kafin a sauka. Abu biyu ne, in ji shi. Na farko, duk mai azurfa a jiki ya cire, domin ruwan akwai farar wuta, kafin a fito ta koma baƙa. Na biyu, ba a shiga ruwan sai an yi wanka da sabulu a ɗakin shawa, maza nasu mata nasu, kuma ba a yinsa da ko zare a jiki. A nan ne yakan ɗaga ido ya kalli madubin mota, don wannan shi ne ladan aikinsa. Wani ya yi tari, wata ta kama wuyan rigarta, wani ƙato mai gemu ya tambaya cikin ƙaramar murya ko akwai labule. Idan ya dawo gida garin Selfoss da yamma, sai ya kwaikwayi fuskokinsu a gaban matarsa Svala, ita kuma ta yi ta dariya har ta ajiye wuƙar yanka albasa.

Gaskiya mu a nan ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Tun kana ɗan shekara shida ake tura ka ƙarƙashin shawar nan tare da 'yan ajinku, ka girma kana cuɗa ƙafa kusa da likita da mai gyaran famfo, babu mai kallon wani. Saboda haka Torfi ya yanke a ransa cewa kunyar jiki ciwon baƙi ne, da shi suke saukowa daga jirgi. Mutum ne mai kirki, amma idan ya fahimci abu sau ɗaya ba ya sake waiwayarsa.

Svala ta yi shekara talatin tana dafa abincin rana a makarantar firamare. Kullum ƙarfe shida da rabi na safe, ko ana dusar ƙanƙara ko ana iska mai kayar da mutum, tana wurin ninkaya na unguwa, cikin kwarmin ruwan zafin da muke kira tukunya. Tana da kusurwarta, kusa da ƙawarta Arndís da Gróa da wata mata, kuma duk abin da zai faru a garin sai ya biyo ta wannan kusurwa kafin ya isa gidan rediyo. A ƙaramar aljihun jakar sabulunta take ajiye zoben aurenta kafin ta shiga. Na azurfa ne, don lokacin da Torfi ya saya zinariya ta fi ƙarfinsa, daga baya da ya samu hali kuma ta ce kada ya kuskura ya canja mata.

Wata safiya a watan Fabrairu ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, magana ta ɗauke mata. Bayan wata uku a asibiti harshen ya dawo, shi ne ma ya fara dawowa, ƙafar ta dawo rabi da taimakon sanda, hannun kuwa ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe suka rufe kan zoben. Sau uku a mako wata ma'aikaciyar jinya takan zo ta yi mata wanka, a kulle ƙofa, Torfi na falo yana juya jarida. Sauran hidima duk ya iya, har miyar kifi ya koya, amma ko maɓallin rigarta ba ta yarda ya ɓalle mata ba. Tukunya kuwa, tun ranar ba ta sake taka ƙofar wurin ba.

Likita ya ce ruwan ɗumi zai taimaka wa ƙafar. Arndís ta zo ta yi magana har ta gaji. Torfi ya ɗauka matakalar shiga ruwan ce matsalar, ya je ya auna ta da idonsa, ya dawo da albishir cewa an sa ƙarfen riƙewa. Da ya matsa mata wata rana, sai ta ce ba za ta tsaya a ɗakin shawar nan a gan ta haka ba. Shi kuma, da bakinsa na mota, ya yi dariya.

"Haba Svala, sai ka ce 'yar yawon buɗe ido."

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Ya san ya yi ɓarna, amma bai san inda ɓarnar take ba, kuma wannan ya fi damunsa. Shekara biyu suka wuce haka, yana kallon matar da ta saba shigowa gida da jiƙaƙƙen gashi da labari cike da baki tana zaune gaban taga, hannun hagu a ɓoye ƙarƙashin mayafi. Tsoro ya kama shi cewa a wannan kujerar za ta ƙare.

Wata baƙuwa ce ta buɗe masa ido, ba da niyya ba. Tsohuwa ce da ta zo hutu da matan 'ya'yanta biyu. Minti goma da shigarsu sai ga ta ta dawo mota da tawul ɗinta a naɗe, ta zauna a baya. Torfi ya zuba mata kofi a murfin filas. Ta sha, ta ce masa ba matan da ke ciki ne suka dame ta ba, su ai gobe sun manta da ita. Surukan nata ne, waɗanda za su zauna da ita a tebur ɗaya har ƙarshen rayuwarta. Ranar bai kwaikwayi kowa ba da ya koma gida.

Da hutunsa na watan Yuli ya zo, ya wanke motar ciki da waje, ya sa farar riga da laktaye, ya ajiye ruwan kwalba a kujerar baya kamar yadda yake yi wa kowa. Ya shaida wa Svala cewa an yi hayarsa zuwa arewa, tafiyar sa'a biyar, wani wurin wanka a tsakiyar baƙaƙen duwatsu inda babu mutumin Selfoss ko ɗaya, kuma fasinjar ita ce. Ta tambaye shi ko tsufa ya fara taɓa masa kai. Ya ce idan sun isa ta ga ba ta so, sai su ci gurasa a mota su juyo, ba zai ce uffan ba. Ta daɗe tana kallon ƙofar bayan motar da ya buɗe mata, sannan ta miƙa masa sandar.

A hanya ta rama abin da ya yi mata. Ta zama baƙuwa sosai. Ta tambaye shi dalilin da tumakin ƙasar nan ke kwanciya a kan titi kamar su suka biya kuɗin kwalta, ta tambaya ko gaskiya ne mazan nan ba sa iya ninke tawul, ta ce direban da aka ba ta ya cika tsufa, za ta kai ƙara ofis. Shi kuma yana amsawa da muryar aiki, cike da murna, don rabon da ya ji ta haka har ya manta. Amma da tururin wurin ya bayyana daga nesa, warin baragurbin ƙwan nan da duk muka sani ya shigo motar, sai ta bar wasan. Shi ma huɗubar tasa ta maƙale, karo na farko cikin shekara ashirin da bakwai.

Tun mako biyu da suka wuce ya buga waya ya tanadi ɗakin da ake keɓe wa masu bukatar taimako, mai shawa da benci da ƙofarsa shi kaɗai. Wata ma'aikaciya ta tarye su, ta ce ita za ta taimaka wa Svala. Torfi ya miƙa mata jakar, ya juya zai koma mota, ƙafafunsa sun san hanya ko bai umarce su ba.

"Ina za ka, tsoho?" in ji Svala.

"Mota. Zan jira ki."

"Kai dai ka iya jira." Ta dubi ma'aikaciyar, ta yi mata godiya, ta ce ta je abinta. "Shigo ka rufe ƙofa."

A ciki ta zauna a benci, ba ta kalle shi ba. Ta ce ya yi zaton Arndís take gudu, kuma gaskiya ne tana gudunta, amma Arndís ta biyu ce.

"Kai ne na farko. Kai kaɗai ka san yadda nake a da, duka."

Torfi ya tsaya da sabulu a hannu. Ya kwashe ta ya kawo ta nesa da duk wanda ya san ta, ya manta cewa wanda ya fi kowa saninta shi ne ke tuƙa motar. Sai ya durƙusa ya fara kwance mata takalmi. Ya ga kafaɗar da ta zube, ya ga damtsen da ya tsotse, hannun da ya ɗaga tukwanen makaranta shekara talatin. Baƙin ciki ya cika shi, tare da haushin kansa na shekara biyun da ya yi a falo yana juya jarida, yana zaton ladabi yake yi. Ya wanke mata gashi a hankali, ya cuɗa mata baya da ƙafafu. Da ya tuɓe tasa rigar, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ashe ita ma ba wannan tumbin ta aura ba, su biyun duk an yi musu musaya.

Sai a lokacin ya tuna da zoben. Ya shafa sabulu a yatsan, ya murɗa, ya ja a hankali, yatsan ya ƙi miƙewa. Mutumin da ya gargaɗi dubban mutane game da azurfa ya zo da matarsa bai yi tunanin tata ba. Ya ce zai nemo leda ya ɗaure hannun.

"Bar shi," in ji ta. "Ruwan na jira."

Suka gangara tana dafe da kafaɗarsa, ya jingine sandar a bakin dutse. Da ruwan ya kai mata ƙirji sai ta sake shi, ta tsaya da kanta. Hannun hagun nan da ya shekara biyu a rataye ya taso a hankali ya kwanta a saman ruwan, ta tsaya tana kallonsa kamar wanda ya dawo daga tafiya. Kewaye da su baƙi na ta ɗaukar hoto, babu wanda ya kula da tsofaffi biyu a gefe. Sa'a biyu suka yi a ciki. Torfi bai taɓa shiga irin wurin nan ba, yana ganin na baƙi ne, kuma ya yarda a ransa cewa ruwan ba laifi.

Zoben ya fito baƙi ƙirin. A gida Torfi ya ɗauko man goge baki da tsumma, dabarar da yake koya wa fasinjojin da ba sa jin magana, ya ce minti biyar zai dawo da shi fari. Svala ta janye hannun, ta ce bai san tana da baƙuwa ranar Lahadi ba?

Ranar Lahadi Arndís ta zo da kek kamar yadda ta saba. Aka zuba kofi. Svala ta cire mayafin, ta kama hannun hagu da na dama, ta ɗora shi a kan tebur kusa da faranti. Arndís ta kalli zoben, ta ci gaba da tauna, ta sake kallonsa.

"Wannan ba aikin famfon gida ba ne," in ji ta. "Wato kin je kin shiga ruwan baƙi, mu kin bar mu da Gróa tana ba mu labarin gwiwarta shekara biyu."

"An ce har yanzu kusurwata na nan?"

"Wa ya isa ya zauna."

Washegari ƙarfe shida da rabi Torfi ya tsayar da motar a ƙofar wurin ninkaya na unguwa. Arndís na tsaye da jakarta, ta karɓi ta Svala, ta ba ta kafaɗa, suka shige ɓangaren mata ba tare da sun waiwayo ba. Ya buɗe filas, ya zuba kofi, kofin ya huce a hannunsa bai kurɓa ba. Bai taɓa jin jira ya yi masa tsawo haka ba.

Bayan sa'a guda ta fito da jiƙaƙƙen gashi, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna kusa da shi, baƙin zoben na kan cinyarta a fili. Tun kafin ya tayar da mota ta fara ba shi labarin wanda zai sayar da gidansa da wadda ta kori mijinta. Gidansu tafiyar minti huɗu ce daga wurin, amma Torfi ya bi ta bakin kogi don ya ji labarin har ƙarshe.