Indararon Ɗakin Inna

A shekarar da nake ba da labari, marka ta sauka mana a Bauranya kwana uku ba ta ɗaga ba. Ruwa ne marar iska, mai zuba a hankali. Zai tsagaita har ka ɗauki fartanya, kafin ka kai bakin zaure ya dawo. Koramar da ke tsakaninmu da makarantar firamare ta cika ta batse. Malaman daga Kusada suke zuwa a kan babur, ɗaya ma daga Kankiya, kuma babu wanda zai jefa babur ɗinsa cikin wannan laka. Tun safiyar farko aka yi shela cewa yara su zauna gida sai ruwa ya janye.

Babban ɗana ya tuɓe rigar makaranta ya rataye ta a ƙusa, ya dube ni.

"Baba, ku ma an ba ku hutu?"

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, a makarantar tasu. Na ce an ba mu.

"To yau gidan nan 'yan makaranta huɗu ne ba su da aikin yi," in ji shi.

Uwarsu ta ce akwai aiki, masara tana jiran ɓara. Itacen duk ya jiƙe, ta yi ta fama da hayaƙi har wuta ta kama. Muka ci gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, awaki sun fake a zaure suna kallonmu.

Gidanmu na ƙasa ne, soro uku, kowanne da indararonsa. Wankan indararo kuwa shi ne babbar sana'ar yara a ranar da babu makaranta. Sai suka raba. Babban ya ɗauki na zaure don ya fi ƙarfi, ƙanwarsa ta ɗauki na ɗakin uwarsu. Auta, wadda ta shiga aji ɗaya a shekarar, aka bar mata na ɗakin Inna, mahaifiyata, wanda yake zuba ta bayan ɗaki. Ba a jima ba ta dawo.

"Nawa ba ya zuwa."

"Jira shi, yana hanya," in ji yayanta. "Daga Kankiya ya taso."

Muka yi dariya, aka ba ta masara ta yi shiru.

Washegari ɗakin Inna ya fara yoyo. Da farko wuri ɗaya, muka tara kwano. Kafin azahar kwano biyar ne da tasa a ƙasa, kowanne da irin ƙararsa. Yara suka zauna suna bin kiɗan da tafi. Ni dai hankalina yana kan azara. Rufin ƙasa in ya sha ruwa nauyi yake yi, kuma na ga azara ɗaya ta fara lanƙwasa. Ba a hawa jiƙaƙƙen soro, ƙafarka ce za ta ƙarasa huda shi, don haka ta ciki na yi dabara. Na samo gwafa biyu na tokare.

"Inna, ki koma ɗakinmu har ruwan ya wuce."

"Mahaifinka ya gina ɗakin nan da hannunsa," ta ce. "Damina nawa ya gani kafin a haife ka? Ba inda za ni."

Babban ɗana ya ce, "Tsohuwa, in ya faɗo miki fa?"

"Sai ka huta da cefane, mijin banza. Ko goro ka taɓa kawo mini?"

Ta ja tabarmarta zuwa kusurwar da ba ta ɗiga, ta ci gaba da jan carbi. Na san Inna, in ka matsa mata sai ta ƙara kafewa. Na zauna kusa da ita ina sauya kwanoni, ina duban azara.

Rana ta uku da hantsi ƙasa ta fara zubowa daga rufin, gutsure-gutsure. Ina tsaye da kwano a hannu ina tunanin ko in ɗauke ta da ƙarfi, sai ga Auta ta shigo tana kuka sosai.

"Kwana ukku kowa yana wanka ban da ni. Baba, ka ce su ba ni nasu. Nawa ko ɗigo ba ya yi."

Na buɗe baki zan ce ta fita, sai maganar ta shige ni. Kwana uku ana ruwa, indararo ko ɗigo ba ya yi. To ina ruwan yake tafiya?

Na zagaya bayan ɗakin. Indararon a bushe yake, ga bakin tsohon buhu ya leƙo ta cikinsa. Nan take na tuna. Kafin markar an yi ɗan fari na kwanaki, Inna ta yanka kuɓewa ta ce in shanya mata a kan soro. Iska ta riƙa turo kuɓewar ta indararo tana faɗo wa awaki, sai na cusa buhu na toshe. Da ta bushe na kwashe, buhun kuwa na bar shi.

Na jingina tsani a bango na hau. Da na leƙa ta kan rawanin soron, ruwa ne kwance kamar tafki, har da kwaɗo a ciki. Na kama buhun na ja, ya ƙi. Na naɗe shi a hannu na sake ja da ƙarfi, sai ya fito, ruwan kwana uku ya biyo shi. A ƙirji ya same ni, hulata ta yi gaba. Auta ta ruga ƙarƙashi tana ihu, yayyenta suka bar nasu suka zo roƙo.

"Ku jira," ta ce musu. "Naku yana hanya."

Kafin la'asar yoyon ya ragu zuwa kwano ɗaya. Na shiga ɗakin a jiƙe, buhun a hannuna. Inna ta dube shi, ta dube ni.

"Ai na faɗa maka ginin mahaifinka ba ya yoyo."

"Kuɓewarki ce, Inna."

"Kuɓewata ce ta hau tsani?"

Uwar yara tana bakin ƙofa, dariya ta hana ta magana. Da daddare ta yi miyar kuɓewar, kowa ya ƙara.

Ruwan korama ya janye bayan kwana biyu, yara suka koma makaranta, ni ma na koma tawa. Da rani na sake azarar da ta lanƙwashe, na yi sabon yaɓe. Inna ta ƙara damina bakwai a ɗakin nan. Duk lokacin da hadari ya haɗo, ba ni take kira ba, Auta take aika bayan ɗakin ta dubo mata indararon.