Rigar Sojan da Kaka Ya Zaɓa

Warin kafur ne ya tare mu tun daga bakin kasuwar gwanjo, irin mai kama maƙogwaro. Wata huɗu ke nan da rushe gidanmu na unguwar Karantina, mun koma ɗaki biyu a unguwar Sharafiyya. Tun ranar da muka kwashe kaya Kaka, mahaifin babana, ya daina magana in ba amsa gaisuwa ba. Ni ma ba na jin komai sosai a lokacin. In ci abinci, in je aiki, in dawo.

Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, mun shirya wasan kwaikwayo kan yaƙin basasar Najeriya, ni ce soja. A gidanmu kowa ya san Kaka ya yi wannan yaƙin kafin ya zo hajji ya zauna. Sai na roƙe shi ya raka ni zaɓen riga. Ba rigar ce ta dame ni ba. Muryarsa nake so in ji.

Mai shagon Bahaushen Sudan ne. Ya ɗago wata mai dabbare-dabbare.

"Tafaddal ya Hajji, ta soja ce asali."

Kaka ya taɓa ta da ɗan yatsa. "Sojan ina, mai zif? An ma haife ka a lokacin?"

"To ga wannan."

"Aljihunta a gefe. Ta wancan zamanin koriya ce zalla, aljihu a ƙirji, da murfi da maɓalli."

Sai da muka juye dila uku. Duk wadda ta yi kusa, sai Kaka ya shimfiɗa ta ya auna kafaɗar da tafin hannu, ya ture. Can ya tsaya kan wata 'yar siririya da ta koɗe.

Na ce, "Kaka, wannan ai ko hannunka ba zai shiga ba."

"Na ce miki ni zan sa? Amarya, kin cika surutu."

Rabon da ya tsokane ni da wannan sunan tun muna Karantina. Na jira in ji daɗi, ban ji ba. Na dai riƙe ledar.

A gida shi da kansa ya jiƙa ta da sitaci, ya goge har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Ya ce in sa. Ya gyara min wuya, ya ɓalla maɓallin sama.

"Ɗaga haɓa."

Na ɗaga. Ya daɗe yana kallona, fanka tana juyawa a kanmu.

"Halas, ya isa. Cire."

Daga nan ya koma shirunsa. Bai zo kallon wasan ba. An tafa mana, na ji kamar wata ake tafa wa.

Shekara biyu da rasuwarsa, ƙanwarsa ta Kano ta faɗa min a waya cewa Kaka bai taɓa shiga soja ba. Su biyu suka je wajen ɗaukar soja, aka ƙi shi saboda tari, aka ɗauki ƙanensa, wani siriri ɗan shekara sha tara. Kaka ne ya goge masa riga ranar da jirgin ƙasa ya tafi da su, kuma ƙanen bai dawo ba.